Mishan ɗin Wusasa na Katolika ne?

Malam, ka tambaya ko mishan ɗin Wusasa na Katolika ne, kuma me suke yi wa talakawa. A'a, Wusasa ta Angilika ce tun zamanin Dokta Miller, wani Bature ɗan mishan. 'Yan Katolika babban cocinsu yana Sabon Garin Zariya, kuma a 2000 aka yanke musu dayosis ɗin Zariya (wato yankin da bishop ke kula da shi) daga na Kaduna.

Ni dai a ƙauyukan Maguzawa aikin 'yan Katolika ya fi taɓa ni. Da idona na ga sista durƙushe kan tabarma tana wanke wa yaro gyambo, uwarsa na riƙe da ƙafar. Fada da Hausa yake wa'azi, ya ci tuwon dawa da su. Da kaka kuwa mata kan kawo kwanon hatsi coci, a raba wa marayu.