Na sayi fili kusa da barikin soja, an hana ni gini: wa ke da gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 4 da suka wuce na sayi fuloti a bayan gari, kamar tafiyar minti 5 daga katangar wani barikin soja. Ina da takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Da na kai gini linta sai ga sojoji, suka ce a dakata, wurin yana cikin ƙasar bariki. To amma ai katangarsu tana can nesa, kuma akwai gidaje tsakanina da ita. Shin soja na da ikon hana mutum gini a wajen katangarsu? Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: katanga ba ita ce iyaka ba. Barikoki da yawa an ba su ƙasa mai faɗi tun lokacin da wurin yake daji, suka katange inda ofisoshi da gidajen kwana suke, suka bar saura a buɗe don atisaye ko don faɗaɗawa nan gaba. Iyakar gaskiya tana cikin taswirar safiyo da turakun siminti da aka kafa a ƙasa, waɗanda sau da yawa yashi ya binne su ko manoma sun tumɓuke. Gari ya yi ta matsowa, masu awon igiya suka yi ta yanka, har aka wayi gari barikin da ke bayan gari ya koma tsakiyar unguwanni. Wanda ya san Bukavu a Kano ko Giwa a Maiduguri ya san abin da nake nufi.

Ta fuskar doka kuwa, ga inda gizo ke saƙar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma sashe na 49 ya keɓe ƙasar da Gwamnatin Tarayya da hukumominta suka riga suka mallaka lokacin da dokar ta fara aiki. Idan filinka ya faɗa cikin irin wannan, gwamna da kansa ba shi da ikon ba ka shi, balle mai unguwa. Takardar cinikinka shaida ce cewa ka biya kuɗi, ba shaida ce cewa wanda ya sayar maka yana da abin sayarwa ba. Gidajen da ke tsakaninka da katanga ma ba hujja ba ce; mai yiwuwa su ma rana ce ba ta zo kansu ba.

Sai dai kada ka ɗauka duk abin da mai kaki ya nuna da yatsa ya zama nasa. Idan ƙasar da ma ta jama'a ce aka karɓa daga baya, sashe na 28 ya ce sai gwamna ya soke haƙƙin masu ita saboda amfanin jama'a, a ba su sanarwa, kuma sashe na 29 ya tanadi diyya kan gini da amfanin gona da itatuwa. Yawancin rigingimun da ake yi, irin na ƙauyukan da ke kewaye da Jaji a Kaduna ko Tungan Maje a Abuja, a nan suke tsaye: soja su ce an ba su tun da daɗewa, mutanen gari su ce kakanninsu na nan kafin bariki kuma ba wanda ya ga sisin kwabo. In kuwa filinka yana waje da iyakarsu kwata-kwata, ba da izinin gini ko hana shi aikin hukumar tsara birane ta jiha ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta yi da Gwamnatin Tarayya.

Ka ga matsalar ke nan. Bariki na Tarayya, tsarin gari na jiha, sayar da gona kuma a hannun magada da dillalai, kowa na cin gashin kansa. A ganina, mu masu aikin tsara birane ne ya kamata mu fi kowa jin kunya, domin ba kasafai ake zama teburi ɗaya da kwamandan bariki ba kafin a fitar da sabon shatin unguwa.

Kuma buƙatar tazara ba son zuciya ba ce. A ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja a Legas ya kama da wuta. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, kuma da yawansu ba bam ne ya same su ba, gudu suka yi cikin firgici suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa. A Maris 2021 aka ga irinsa a birnin Bata na Ikwatoriyal Gini, inda fiye da mutum 100 suka mutu, kuma hukumomin ƙasar suka ce wutar da manoma suka sa wa gonakinsu kusa da bariki na cikin abin da ya jawo. Ka lura, haɗarin ta ɓangare biyu yake tafiya. Ga kuma filin koyon harbi: harsashin bindiga ba ruwansa da harsashin gininka, yana iya cin kilomita fiye da 2 kafin ya faɗi. Ga bene mai hawa uku da ke leƙen cikin bariki. Ga dogon ƙarfen sadarwa a kan hanyar saukar jiragen yaƙi.

Amurka ta sha wannan wahalar kafin ta samo hanya. Tun farkon shekarun 1970 rundunoninta ke fitar da taswira ga kowane sansanin jiragen yaƙi, mai nuna inda ƙara ta yi yawa da inda jirgi ya fi yiwuwar faɗuwa, yanki mai tsawon ƙafa 15,000 daga ƙarshen titin jirgi, wato wajen kilomita 4 da rabi. Abin da ya burge ni shi ne soja ba su da ikon tilasta wa gari. Taswirar suke miƙawa, ƙaramar hukuma ta shigar da ita cikin dokar gininta, ta yarda a yi noma da rumbunan ajiye kaya a wurin, ta hana makarantu da rukunin gidaje. Da birnin Virginia Beach ya yi sakaci gidaje suka kewaye sansanin Oceana, a 2005 aka yi barazanar kwashe jiragen zuwa wata jiha. Nan da nan birnin da jihar suka fara ware dala miliyan 15 duk shekara suna sayen filayen da ke yankin haɗari daga hannun masu su. Saya suka yi, ba jan fenti da katafila ba.

Yanzu kai. Ka dakatar da aiki, kada ka ƙara ko bulo ɗaya, kuma kada ka tsaya cacar baki da sojan da aka turo, shi umarni aka ba shi. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko lambobin kusurwoyin filin, ka kai hukumar filaye ta jiharku, irin KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ka nemi a ɗora su kan taswirar gwamnati a ba ka sakamako a rubuce. Wannan shi ne binciken da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi, amma ko yanzu bai ɓaci ba.

In ya nuna kana waje, ka nemi izinin gini daga hukumar tsara birane, sannan ku haɗu da maƙwabta da dagaci ku rubuta wa kwamandan barikin, ku haɗa da kwafin sakamakon, ku roƙi a fito tare da safiyon jiha a nuna turakun iyaka a gaban kowa. Takardar unguwa guda ta fi ta mutum ɗaya nauyi. In kuma ya nuna kana ciki, maganarka ta koma kan wanda ya sayar maka. Ka tafi wurin lauya da takardar cinikin da shaidunka ka nemi kuɗinka, kuma ka hanzarta, domin dokokin jihohi sun sa wa'adin shigar da irin wannan ƙara.