Billen da ke kumatuna da bangon da na gani a Koriya

Babana,

Saƙonka ya iso bayan la'asar, ƙanwarka ce ta karanta mini. Allah Ya raya mana yarinya, Ya ba mai jego lafiya. Ka ce ranar suna wanzami ya gama aski ya tambaya ko za a yi mata tsagar gidanmu, kai kuma ka ce ya dakata sai ka ji daga bakina: wai mene ne amfanin sa wa jaririya aska a fuska, tunda yanzu akwai katin ɗan ƙasa da lambar waya? Na yi dariya har ƙanwarka ta tsaya tana kallona. Da dariyar ta lafa kuma jikina ya yi sanyi, don na tuna bara da ka zo sallah na tambaye ka sunan kakan mahaifinka, ka tsaya kana sosa ƙeya.

Ni ma ina yaro na yi wa kakarmu Inna wannan tambayar. Ta ja kunnena ta ce: "Takarda wuta na ci, ruwa na ci, gara na ci. Abin da aka rubuta a fuska kuwa sai ƙasa." Ita a hannun waɗanda suka ga zamanin hari ta tashi, lokacin da mahaya kan faɗa wa ƙauye da asuba su kwashi yara. Na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai, sai a 1983.

Shekarar nan, zamanin Shagari, masaƙar da nake aiki a Kaduna ta tura mu, mu huɗu, Koriya ta Kudu koyon gyaran sababbin injuna. Mun sauka Seoul bayan ƙaramar sallah, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk inda muka shiga, gidan abinci ne ko shago, talabijin na kan shiri guda: mutane a jere, kowa riƙe da allon takarda a ƙirji. Mai tuya ta bar tuyarta tana share hawaye. Na tambayi tafintanmu wa ya rasu. Ya ce ba rasuwa ba ce, cigiya ake yi.

Shi ya warware mini. Japan ta mulke su shekara 35. Da ta faɗi a 1945, Tarayyar Sobiyat ta shigo ta arewa, Amurka ta kudu, aka shata layi a kan taswira, layi na 38. Arewa ta kama gurguzu, kudu ta kama jari-hujja. Manomin shinkafa da layin ya ratsa tsakanin gonarsa da gidan surukansa ba wanda ya shawarce shi. Ranar 25 ga Yuni 1950 sojan arewa suka ƙetaro. Amurka da ƙawayenta suka shigo wa kudu, Sin ta shigo wa arewa. Sau huɗu Seoul tana sauya hannu. Miliyoyi suka mutu kafin a tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli 1953, kuma har yau ba a sa hannu kan sulhu ba. Harshensu ɗaya, Babana, abincinsu ɗaya, kakanninsu ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To shekara 30 bayan haka gidan talabijin na KBS ya buɗe shirin cigiyar 'yan'uwa, ranar 30 ga Yuni, da niyyar a yi shi dare ɗaya. Jama'a suka yi dafifi, aka kasa rufewa.

Wata Lahadi tafintan ya kai mu harabar gidan, a tsibirin Yeouido. Ban taɓa ganin irin wannan ba, ban kuma sake gani ba. Bango, matakala, turakun fitila, jikin itatuwa, har daɓen fili, duk takardu ne an liƙa, wasu an danne da duwatsu. Mutane na tafe a sunkuye suna karantawa kamar masu neman allura. Na ce ya karanta mini kaɗan. Wani ya rubuta sunan uwarsa da ƙauyensu. Wani sunan kawai ya sani, alhali a ƙasar kusan mutum ɗaya cikin biyar sunan gidansu Kim, ka ga suna kaɗai bai kai ko'ina ba. Waɗanda suka fi karya mini zuciya su ne waɗanda suka ɓace suna ƙanana. Ba suna, ba gari. Ɗaya ya rubuta cewa akwai rijiya da itace a ƙofar gidansu. Wata ta rubuta cewa tana da tabon ƙuna a kafaɗar hagu.

Muna tsaye sai wata tsohuwa, gajeruwa, kai fari fat, ta tsaya a gabana ta zuba mini ido. Na zaci baƙar fata ce ba ta saba gani ba. Sai ta miƙo yatsa ta shafa billen nan nawa, daga gefen hanci har ƙasa. Ta tambayi tafinta ko rauni ne. Na ce ya gaya mata tambarin gidanmu ne, ina da kwana bakwai aka yi mini, duk inda ɗan gidanmu ya gan ni zai shaida ni. Da ya fassara mata sai ta zauna a ƙasa, cikin jiƙaƙƙun takardun nan. Ta ce a watan Janairun 1951, da ake gudu daga Seoul cikin ƙanƙara, ɗanta mai shekara huɗu ya suɓuce daga hannunta a turmutsutsun tashar jirgin ƙasa. Fatarsa sumul, ko tawadar Allah ba shi da ita. Ta ce: "Ko yanzu ya gifta ta gabana, da me zan gane shi?" Ba ta saki hannun rigata ba sai da ta gama kukanta. Inna kawai nake gani a fuskarta.

A hanyar komawa na tambayi tafintan ko shi ba ya cigiyar kowa. Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce mahaifinsa a arewa ya rage, shirin kuma ba ya kaiwa can. Ya ce shekaru da yawa a gidansu ko sunan uban ba a ambata, don wanda aka san yana da dangi a can zargi kan bi shi har wurin neman aikin gwamnati. Wannan ya fi tsaya mini a rai: aƙida ta sa ɗa ya ɓoye sunan ubansa.

Kwana 138 aka yi ana shirin. Sama da mutum 100,000 suka kai cigiya, aka dace a 10,189. Waɗanda nasu ke arewa kuwa, in ka cire 'yan kaɗan a 1985, sai daga shekarar 2000 aka fara haɗa su, shi ma ta hanyar ƙuri'a: kwana uku, a rungumi juna, a mayar da kowa mota. Mafi yawan waɗanda suka rubuta suna sun rasu suna jira.

Kar ka ce wannan labarin nesa ne. Je ka tambayi waɗanda suka yi aiki a sansanonin gudun hijira na Maiduguri yara nawa suka iso ba su san sunan ƙauyensu ba. Ku kuwa yanzu komai na cikin waya. Lambar mahaifiyarka ma na tabbata ba ka haddace ba. Mu kafin a sa mu makarantar allo sai mun iya jero kakanni biyar da unguwar kowanne, in ka yi tuntuɓe a hana ka tuwon dare sai ka gyara. Ku kun bar wannan, kun bar ziyara, alhali zumunta a ƙafa take. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai, mu ne muka ga kuna boko muka ɗaga muku ƙafa.

Batun aska kuma, ka san 'ya'yana ba wanda na yi wa. Malamanmu sun ce fuska ba wurin tsaga ba ce, likitoci ma sun yi magana kan aska ɗaya ga jarirai da yawa, na kuma ji su. Amma duk ranar sunan ɗayansu sai tsohuwar nan ta faɗo mini.

In mai jego ta yi arba'in ku kawo mini yarinyar in sa mata albarka. Ka taho da littafi da alƙalami, ka kuma shirya kwana biyu, don daga kakan mahaifinka za mu fara, da garin da ya baro da dalilin barowarsa.

Baffanka