Tambaya da Amsa: Ina Za Mu Hau Babur Mai Ƙafa Huɗu, Ina Za Mu Kafa Tanti?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: babur mai ƙafa huɗu, wanda dillalai ke kira ATV ko kwad, da kwanan daji a tanti. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina uku mun haɗa kuɗi mun sayi kwad biyu na hannu. Mun gaji da zagaye fili ɗaya a bayan gari. Ina za mu je mu yini muna hawa, mu kwana a tanti kusa da wurin? Daga mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu ambaci sunan wuri ka riƙe wannan: a Gombe da Bauchi babu dajin da ba shi da mai shi. A Amurka, inda wannan wasa ya yi ƙarfi, hukuma kan ware hanyoyi a daji ta kafa musu alluna, mutum ya yanki takardar izini ya shiga. Mu ba mu da wannan tsari. Filin da ka hango fetal a watan Janairu gonar wani ce da aka girbe, ko burtalin shanu, ko tsohuwar maƙabarta, ko gandun dajin gwamnati. Don haka a bakin dagaci ake samun wurin hawa.

Ku je mako guda kafin ranar, ku bar baburan a gida. Ku yi gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, ku faɗi ko ku su wane ne, ku nawa ne, kwana nawa za ku yi. Ku roƙi a haɗa ku da ɗan gari mai babur da zai riƙa shigewa gaba, a yanke ladan yininsa tun a lokacin. Da ɗan gari akan ci gari. Daga nan ku leƙa ofishin 'yan sandan yankin, ku ga shugaban 'yan sintiri. Baƙin fuska a kan babura cikin daji, ga ƙarar injin da ba a saba ji ba, abu ne da ke tayar da hankalin ƙauye a wannan zamani, kuma wanda ya tsorata ba ya tsayawa tambaya. Takardun kwastan da rasidin saye su kasance tare da ku a cikin leda.

Ɗan jagoran kuma ku tambaye shi dalla-dalla. Ina ne har yanzu akwai amfani a ƙasa, kamar rogo, auduga, ko albasa da tumatir na 'yan noman rani? Ta ina shanu ke sauka shan ruwa, kuma da wane lokaci? Ina zaizaya ta ci hanya ta bar kwazazzabo? Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ko su mutanen garin suna kwana a wannan waje. In su ba sa kwana, ku ma kada ku kwana.

Mafi kusa da ku shi ne yankin Dadin Kowa, kimanin kilomita 40 gabas da Gombe a kan hanyar Biu, inda aka datse Kogin Gongola aka gama madatsar a 1984. Akwai hanyoyin ƙasa da ke haɗa ƙauyuka, ga Dutsen Bima yana kallon ku, ga kifi sabon kamu na gasawa da dare. Bangon madatsar da tashar lantarki wuraren tsaro ne, ku yi nesa da su. Bakin ruwan ma ba wurin tanti ba ne, domin akwai dorina a tafkin. Da dare take fitowa kiwo, hanya ɗaya take bi kullum, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga uku. Masunta sun san mafitarta, ku sa su nuna muku. Ƙasa da madatsar kuwa ruwa na iya ƙaruwa ko ba a yi ɗigon sama ba, in an buɗe ƙofofi.

In kuna son duwatsu, ku nufi kudu ta hanyar Yola, wajen Kaltungo da tudun Tula. A ganinmu nan ne ya fi ko'ina kyan gani a jihar, kuma iskar Tula ta fi ta Gombe sanyi, sai dai ba wurin ɗan koyo ba ne. Tudu miƙe ake hawansa, a ƙaramin giya, mahayi ya kwanto da ƙirji wajen kan babur. Ratsa gefen tudu a karkace shi ke kifar da kwad, abin da ya kai kilo 300 ya danne mutum. In inji ya mutu a tsakiyar hawa, a damƙe birki duka, a sa birkin ajiya, a sauka ta ɓangaren da ke sama. Gonakin Tula na kan gangare jeren duwatsu ne aka tsara da hannu don riƙe ƙasa, taya ɗaya na iya rushe aikin shekaru. Ku tsaya a kan hanyar da mutane ke bi.

Lokacin tafiya daga Disamba zuwa Fabrairu ne, an gama girbi, ƙasa ta bushe. Da damina baƙar lakar kwarin Gongola kan naɗe taya har ta daina juyawa. Maris da Afrilu kuma zafi na haura digiri 40, inji da mahayi duk sukan galabaita.

Tambaya: Ina so in shiga Yankari da kwad ɗina in zaga dajin, in kwana a sansanin baƙi na Wikki. Yaya ake yi? Daga wani Alhaji a Bauchi.

Amsa: Alhaji, a bar wannan shawara. Yankari gandun namun daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an buɗe shi ga masu yawon buɗe ido tun 1962. Zagayen kallon dabbobi a mota ake yin sa, tare da jami'in gandu, a kan hanyoyin da aka shata. Akwai giwaye da ɓauna, kuma mutumin da ke zaune a fili a kan abu mai ƙara ba shi da inda zai fake in giwa mai ɗa ta juyo. Ƙarar kuma na korar dabbobin daga bakin Kogin Gaji, inda suke taruwa da rani. Haka maganar take a gandun Sumu da ke Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka saki raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, haka ma gandun Lame-Burra.

Abin da zai yiwu shi ne a raba tafiyar biyu. Hanyar Yankari daga Dindima take ballewa, a kan titin Bauchi zuwa Gombe, kuma a nan Gongola ke ratsawa. Da rani kogin kan janye ya bar rairayi mai faɗi. Da yardar masu gari za a iya yin hawan safe a busasshen yashi, nesa da masu wanki da ramukan masu ban ruwa. Yashin da ya yi duhu yana sheƙi a guje shi, ruwa ne a ƙarƙashinsa, yana haɗiye taya har gatari. Bayan azahar a ɗora kwad a akori-kura a ajiye shi hannun amintacce, a wuce ta ƙofar Mainamaji a mota, a yi wanka a ruwan ɗumin Wikki mai digiri 31, a kwana a ɗaki. A rufe ƙofa da taga, gwaggon biri na sansanin ya ƙware a satar abinci.

Masu son hawan dutse a jihar Bauchi su duba wajen Dass, da sharuɗɗan da muka faɗa wa mai tambaya ta farko.

Tambaya: Sau biyu bel ɗin kwad ɗina yana tsinkewa a daji, kuma yana tsalle kamar doki ko a hanya mai kyau. Makaniki ya ce haka suke. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Azare.

Amsa: Ba haka suke ba, ɗan'uwa. Mu fara da tsallen, don kusan tabbas iskar taya ce. Tayar kwad iska kaɗan take so, yawanci tsakanin psi 4 da 7 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), kuma adadin na rubuce a takardar da ke manne a jikin babur. Mai faci ya saba da tayar mota mai psi 30 zuwa 35, ma'auninsa ma ba ya motsi a psi 5, sai ya yi ta ɗura iska har taya ta yi tauri. Sakamakon shi ne tsalle, santsi a kwana, da nutsewa a yashi. Ka sayi ƙaramin ma'auni mai karanta 0 zuwa 15, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, dama da hagu su zo daidai. Bambancin psi 1 ya isa ya sa babur jan gefe.

Shi kuwa bel, wato ɗamarar robar da ke kai ƙarfin inji zuwa giya, zafi ke kashe shi. Tafiya a hankali a babban giya, cikin yashi ko a hawan tudu ko da kaya, tana sa shi zamewa a kan fuli har ya ƙone. Duk tafiyar da ba ta kai kilomita 15 a awa ba, a ƙaramin giya ake yin ta. In ka maƙale, kada ka yi ta murza wuta. Warin roba na tashi, ka kashe inji, ka tone gaban taya, ka tura. Ka riƙa tafiya da bel na ajiya da sifanar buɗe murfinsa, kuma ka gwada canzawa sau ɗaya a gida.

Tunda hunturu ne lokacin hawa, ƙura ce abokiyar gaba ta uku. Soson tace iska a wanke shi bayan kowane yini mai ƙura, ya bushe sarai, a shafa masa mai a matse. Busasshen soso ƙura ke ratsa shi ta cinye ringi, sai ka ga hayaƙi da shan baƙin mai. Ka duba lagireto, ƙaiƙayi da irin ciyawa kan toshe shi. Ka leƙa robar da ke rufe gaɓar gatari, tushiyar dawa na yaga ta, yashi ya shiga, gaɓar ta fara ƙas-ƙas a kwana. Saboda ƙayar aduwa da bagaruwa kuma, ka tafi da igiyar faci, wato zaren robar toshe hujin taya, kamar 10 da famfon hannu. A kan kwalta kada ka hau shi sam: yawancinsu tayoyin baya tare suke juyawa, a kwana sukan ƙi lanƙwasa su ɗaga ƙafa.

Tambaya: Maigidana yana so mu je kwanan daji wajen Kaltungo da yara, babbansu shekara 13. Ni macizai nake tsoro, kuma yaron ya matsa sai ya tuƙa. Daga wata uwa a Gombe.

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya. Yankin Kaltungo da Billiri da Balanga ya yi suna da kububuwa, shi ya sa ma aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi. Sara ya fi yawa lokacin shuka da girbi, amma ba a sakin jiki a kowane wata.

A isa masauki tun la'asar, da sauran rana. A zaɓi tudu mai fili, nesa da tarin duwatsu, suri, tarin kara da doguwar ciyawa, a share kewayen taku 5 kowane gefe. Tanti ya zama mai ɗinkakken ƙasa da zif mai aiki, a rufe shi ko fita ta minti ɗaya za a yi. Kowane yaro da tocilarsa da takalmi rufaffe, ba silifas bayan magariba, da safe kuma a zazzage takalmi saboda kunama. Ragowar abinci a rufe, don ɓera yake jawowa, maciji kuma ɓera yake bi. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da awarwaro, a tallafe gaɓar da sanda kamar karaya, a ɗauki mutum a mota zuwa asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai, domin zubar jinin kan zo daga baya. Saboda wannan ne muke cewa masauki kada ya wuce inda mota za ta iya zuwa, kuma a kwana da ita tana fuskantar hanya.

Daren hunturu a kan tudu akwai sanyi, a tafi da bargo. Kaskon gawayi kada ya shiga tanti, hayaƙinsa marar wari ne, yana kashe mutum a cikin barci. Ruwan sha a ƙiyasta lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala, don haka mutum 5 na kwana 2 jarka 2 masu lita 25 na sha kaɗai. Yara kada su yi wanka a ruwan dam ko kududdufi saboda tsargiya.

Maganar tuƙi kuma, kamfanonin da ke ƙera manyan kwad sun rubuta a jikinsu cewa ba na wanda bai kai shekara 16 ba ne. Da nauyin jiki ake sarrafa shi, ɗan shekara 13 bai da nauyin da zai danne shi a kwana. Doguwar kujerar ma ba ta goyo ba ce, an yi ta ne don mahayi ya riƙa matsawa gaba da baya. In akwai hali a nema masa ƙarami mai inji 90cc, da hular kwano daidai kansa, a fili shimfiɗaɗɗe, babansa na tsaye.

Tambaya: Mai nawa zan ɗauka, kuma zurfin ruwa nawa zan iya ratsawa? Daga mai karatu a Misau.

Amsa: Malam, tankin matsakaicin kwad lita 14 zuwa 18 ne, kuma yashi na ƙara masa sha sosai. Ka raba man uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Ƙarin lita 10 a jarkar ƙarfe a ɗaure shi tamau a mazaunin kaya na baya, nesa da salansa. Salansar nan takan kunna busasshiyar ciyawa, don haka a kan ƙasa tsirara ake tsayawa, a kuma cire ciyawar da ta naɗe a jikinta.

Ruwa kada ya wuce matakin ƙafa, kuma ka fara ratsawa da sanda ka ji ƙasan. In inji ya sha ruwa ya mutu, kada ka yi masa ki, ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Ka ja shi waje, ka cire fulogi, ka zubar da ruwan akwatin iska da na gidan bel, ka juya inji har ruwa ya daina fita ta ramin fulogin. Ka duba baƙin mai, in ya koma kalar shayi da madara a yi juye, a kunna minti 5, a sake juyewa har ya fito da kalarsa.