Manhaja ɗaya, layi talatin: kafin ka kashe, nemi uwarta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Garwa. Kwamfutata tsohuwa ce mai RAM giga 4, na sa mata Xubuntu, wani nau'in tsarin Linux. Da zafin nan fankarta ba ta hutawa. Na buɗe htop, manhajar da ke nuna ayyukan da ke gudana a kwamfuta, na ga Firefox ya cika layi sama da talatin, kuma duk lokacin da na kunna kwamfutar, alamar intanet biyu ke fitowa a sama. Na kashe ɗaya, washegari ta dawo. Ko bairos ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba bairos ba ne. Abu biyu ka haɗa, ɗaya lafiyarsa ƙalau, ɗayan ne ke son gyara.

Firefox ba shi da laifi. Htop yana jero kowane zaren aiki, wato ƙaramin reshe na aiki ɗaya, a layinsa, ga kuma adadin RAM ɗin da suke tarayya a kai yana maimaituwa a kowane layi, sai mutum ya ɗauka an cinye masa kwamfuta. Danna babban H, zaruruwan za su ɓuya, layukan su ragu sosai. Waɗanda suka rage ma da gangan aka yi su: tun fitowa ta 95 a Disamba 2021, Firefox yana ware wa shafukan da ka buɗe ayyukansu daban, don kada wani shafi ya leƙa bayanan wani. Danna F5 ka ga yadda duk suke rataye ƙarƙashin uwa ɗaya.

Alamar intanet ɗin nan kuwa, ita ce maimaici na gaskiya. Sunan manhajar nm-applet. Tana dawowa ne saboda ɗiyar kake kashewa, mai haifarta na nan. Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta:

ps -o pid,ppid,lstart,cmd -C nm-applet

Lambar farko ta aikin ce, ta biyu ta uwar da ta tashe shi, sai lokacin da ya tashi. A Xubuntu abin da na fi gani shi ne wannan: tsarin yana tayar da nm-applet daga /etc/xdg/autostart, sannan Xfce, wato fuskar allon Xubuntu, ya tuna cewa tana kunne ranar da ka fita, shi ma ya sake tayar da ita. Hannu biyu, aiki ɗaya. Shiga saituna, wurin da ake kira Session et démarrage idan naka na Faransanci ne, cire alamar ajiye zama yayin fita, ka goge abin da ke cikin ~/.cache/sessions, ka fita ka sake shiga. Lura da akwatin fita ma, kada alamar ajiyewar ta kasance a can.

In har ta dawo, leƙa ~/.config/autostart. Fayil ɗin da ke nan, idan sunansa ɗaya da na tsarin, shi ke maye gurbinsa; idan sunan ya bambanta ko da harafi ɗaya ne, dukansu biyu za su tashi. Goge naka, ka bar na /etc yadda yake. Idan kuma lambar uwar ta kai ka ga systemd, mai tayar da ayyukan tsarin, rubuta systemctl --user status tare da lambar aikin, zai faɗa maka sunan abin da ya tashe shi.

Idan da umarnin kill -9 kake kashe manhaja, ina roƙonka ka rage amfani da shi. Kill kaɗai yana ba manhaja damar ajiye aikinta ta rufe. -9 fizge ta yake yi, kuma a shago irin naka takardar wani ce za ta iya salwanta. Ita nm-applet alama ce kawai, kashe ta ba ya yanke intanet, domin wata manhajar daban, NetworkManager, ce ke riƙe da layin.

Game da fanka, alama biyu ba za su sa ta wannan gudun ba. Danna babban P a htop ka ga wa ke cin ƙarfin injin. Idan babu wanda ya yi sama, ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanyar iska, sai ka kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya hure.