Amsa ga ɗan'uwan da ɗigon Larabci ya rikita masa na Turanci

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka iya rubutun Braille na Turanci, wato rubutun ɗigo da makafi ke karantawa da yatsa, amma da ka ɗora yatsa a kan littafin Larabci sai ka ji gidan (wato rukunin ɗigon da ke tsayawa a matsayin harafi ko taƙaitacciyar kalma) da ka sani da "and" a tsakiyar kalma, har kana tambaya ko an yi kuskuren bugawa ne. Littafinka lafiyarsa ƙalau, yatsunka ma haka, kuma wallahi na san irin ƙuncin da mutum ke shiga idan abin da ya sha wuya ya koya ya juya masa baya.

Gidan nan na "and", mai ɗigo 1-2-3-4-6 (kowane ɗigo cikin shidan da ke gida yana da lambarsa), harafin sadi ne a Larabci, a Faransanci kuwa shi ne ç. Cikakken gida mai ɗigo shida, wanda kake karantawa "for", zadi ne, Bafaranshe kuma é yake ji a wurin. Haka "with" ɗa mai hannu ne, "of" kuma ain. Dalilin shi ne gidaje 63 kacal ɗigo shida ke iya bayarwa, kuma Louis Braille, da ya fitar da tsarinsa a 1829, ya ba wasulan Faransanci masu alama gidajen da suka rage bayan haruffa. Turanci ba ya buƙatar waɗannan wasula, sai ya zuba taƙaitattun kalmominsa a ciki; Larabci kuma ya ajiye baƙaƙen da boko ba shi da su. Inda aka yi dace, an daidaita bisa sauti: ɗigo 1-4-6 "sh" ne a Turanci kuma shin ne a Larabci, amma wannan gidan î ne a Faransanci, "ei" a Jamusanci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu buga mana takardu ma da yawansu ba su san wannan ba. A wata jarrabawar Faransanci, ma'aikacin da aka ba aikin mayar da takardar tambayoyi ya tura ta cikin kwamfuta da jadawalin Turanci mai taƙaitawa, wato tsarin da ke mayar da rubutu ɗigo bisa ƙa'idar Turanci, bai ko duba ba. Na zo kan kalmar "grand" sai na ji g, r, sannan ç. Na koma farkon layi na sake bi, zufa ta fara karyo mini, ina jin ƙarar alƙaluman masu gani suna ta rubutu ni kuwa ban wuce tambaya ta farko ba. Na ɗaga hannu na yi wa mai sa ido bayani cikin ladabi, ya kira ma'aikacin, shi kuwa ya tsaya a kaina ya ce ɗigo ai ɗigo ne, wai ban yi karatu ba ne nake neman hanyar zillewa. A gaban kowa ya faɗa, har wasu suka yi dariya. Mutumin da bai taɓa karanta layi ɗaya da yatsa ba, shi ne yake koya mini abin da ɗigo yake nufi! Haka na zauna ina warware kowace kalma sau biyu, in karanta ta da ƙa'idar Turanci, sannan in nemo kalmar Faransancin da ke ɓoye a ciki, lokaci ya ƙare ban kai rabi ba. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba, kuma har yau idan na tuna muryarsa raina yakan ɓaci.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk takardar da aka miƙo maka, ka fara tambayar da wane jadawali aka buga ta. Idan kana da na'urar da ke fito da ɗigo daga waya, ka canja jadawalin da hannunka kafin ka buɗe Larabci, domin ba kullum take gane harshe da kanta ba. Kada kuma ka taɓa taƙaitaccen Larabci tukuna, ka zauna a kan cikakken rubutu har sai yatsanka ya daina kiran sunan Turanci. Ni da baki nake furta harafin da ƙarfi yayin da nake shafa shi, kuma hakan ya taimake ni ƙwarai.

Ka kula da ƙananan alamomi, sun fi haruffa yaudara. Ɗigo 6 da ke nuna babban harafi a Turanci shadda ce a Larabci, kuma kafin baƙin ake sa ta. Ɗigo 2 da ka sani da waƙafi shi ne fataha, e ɗinka kisira ce, u kuma rufu'a. Faransanci ma babban harafinsa da ɗigo 4-6 yake farawa. Amma kada gabanka ya faɗi, domin daga hagu zuwa dama za ka karanta kamar yadda ka saba, kuma ba, dal, lam, mim, nun da sin duk suna gidajen b, d, l, m, n da s. Wannan albarkacin aikin daidaitawar da UNESCO ta jagoranta ne a farkon shekarun 1950. Da Jafananci ka ɗauko, wanda aka tsara a 1890 bisa gaɓoɓi, inda ɗigo 1, 2 da 4 ke ɗauke da wasali sauran uku kuma baƙi, da kusan komai sai ka sake daga tushe.

Turancin kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Haɗaɗɗen tsarin Braille na Turanci da ake kira UEB, wanda Nijeriya ta karɓa a 2005 Amurka kuma ta fara aiki da shi a 2016, ya zubar da taƙaitattu tara, ciki har da na "ation" da "ble", don haka tsofaffin littattafan da ake ba mu kyauta za su riƙa saɓa wa sababbi. Idan kana so, ka yi mini magana in karanto maka baƙaƙen Larabci 28 da lambobin ɗigonsu ta saƙon murya, ka rubuta su da allonka da tsinkenka.