Amsa ga Yaya kan rahoton da aka ajiye a sakatariya

Salamu alaikum 'yan uwa. Yaya, na saurari muryarka, inda kake cewa me za a je a yi da rahoton muhalli na aikin hanyar nan da aka ajiye a sakatariya, tunda gwamnati ta riga ta yanke shawara. To, don Allah ka yi haƙuri, ni dai ina ganin mu je.

Wannan ajiye rahoton, doka ce ta tilasta. Tun 1992, zamanin Babangida, aka yi doka mai lamba 86, wadda ta ce babban aiki irin su dam, layin dogo, bututun gas ko babbar hanya, sai an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da mutanen wurin kafin a fara, ko da kuwa aikin gwamnati ne. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke sa ido a kai. Rahoton ana baje shi kwana 21 na aiki, ban da Asabar da Lahadi, kowa ya karanta ya rubuta ƙorafinsa. Daga baya kwamitin masana ya zauna, ana kuma gayyatar mutanen gari su yi magana.

Ku tuna Tiga. A 1974 aka gama dam ɗin, lokacin babu wannan doka. Kano ta samu ruwan noman rani, gaskiya ne, amma ku tambayi mutanen Haɗeja da Nguru. Ambaliyar da ke jiƙa musu fadama duk shekara ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga uku. Wa ya tambaye su? Abin nan yana damuna ƙwarai.

Waɗanda suka rubuta rahoton nan baƙi ne, sun zo sun zaga sun koma. Ba lallai su san inda burtali ya bi ba, ko tsohuwar maƙabarta, ko mashayar shanu, ko kwarin da ruwa ke taruwa a watan Agusta. Mu muka sani. In ba a sa kwalbati a inda ya dace ba, gidajenmu ruwan zai shiga.

Kuma ƙorafinmu a rubuce za a kai, Yaya, da kwanan wata da sa hannu, a buga mana hatimin karɓa a kwafinmu. Surutun majalisa ba ya shiga fayil. Maganar diyya kuwa hanyarta daban, kada mu cakuɗa su.

Rahoton da Turanci yake, ga kauri, amma akwai taƙaitawa a farkonsa. Duk mai ɗa ko ƙani da ya yi karatu ya turo sunansa nan. A sanar da mai unguwa da arɗo, a kuma ji ta bakin mata, su ke ɗibar ruwa a rafin. Litinin da safe mu haɗu a ƙofar sakatariya, in Allah ya yarda.