Katin bashi marar kuɗin ruwa: zai yi wa mai shago a Agege amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Agege, shinkafa da man gyaɗa da taliya. Ƙanena da ke Ingila ya ce yana da katin bashi da ba a ɗora masa kuɗin ruwa har kusan shekara biyu, ya ma kwashe tsohon bashinsa ya mayar kan sabon katin. Ni kuma akwai bashin manhajar waya a kaina, ga bankina yana ta tallata mini nasa katin. Wanne zan zaɓa don sarin kaya da kuma sauke wancan bashin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, sai dai abin da yake ba ka labari kayan Ingila ne. A can bankuna na rububin abokan hulɗa, shi ya sa suke ba da katin da ba ruwa a kansa na wasu watanni, wani don sayayya, wani don ɗauke bashin da ke kan wani katin. Ko a can ɗin ma ba kyauta ba ne. Ana cirar kuɗin mayarwa, galibi wajen kashi 3 cikin 100, wato mai bashin fam 3,000 zai ba da fam 90 tun ranar farko. Dole ya biya mafi ƙarancin abin da aka yanka masa kowane wata, in ya tsallake wata guda ana iya janye rangwamen, in kuma wa'adi ya cika da saura a kansa, ruwan da ke jiransa ya haura kashi 20 a shekara. Sannan sai mazaunin ƙasar da ke da tarihin biyan bashi a can ake ba wa.

A nan gida kuwa, kada ka shiga banki a Ikeja kana tsammanin irin wannan tayin. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024. Bankin da kuɗi ke masa tsada haka ba zai bar maka nasa wata ashirin a banza ba. Abin da katinmu ke bayarwa 'yan kwanaki ne na lamuni da ruwa ba ya hawa a cikinsu, wasu bankunan har kwana 45, kuma a wannan "har" ɗin ne yawancin mutane ke zamewa.

Ga yadda lissafin yake. A ce banki na rufe lissafin katinka ranar 25 ga wata, ya ba ka kwana 15 ka biya. In ka sari shinkafa ranar 26, kana da wajen kwana 45. In ka sara ranar 24, kwana 16 kacal gare ka, alhali kati ɗaya ne, kayan ma ɗaya. Don haka tambayar farko da za ka yi wa ma'aikacin banki ita ce ranar rufe lissafi da ranar biya, ya rubuta maka su a takarda. Ta biyu kuma kanka za ka yi wa: cikin kwana nawa kayan nan ke komawa kuɗi a hannuna? Taliya da man gyaɗa na tafiya da wuri. Amma na san Agege, rabin cinikinka na hannun masu abinci da maƙwabta da ke cewa sai ƙarshen wata, kuma banki bai san wannan uzurin ba. In kayan naira miliyan 2 suka yi kwantai, aka ce misali ruwan katin kashi 3 ne a wata, naira 60,000 ke nan kowane wata. Buhu nawa za ka sayar kafin ribarka ta kai haka?

Lamunin nan kuma na mai biya duka ne. Saƙon banki zai nuna maka wani ɗan adadi da za ka iya biya a ƙyale ka, sai mutum ya ji daɗi ya biya shi. Biyan wannan adadin tarar jinkiri kawai yake kare maka, ragowar bashin na nan yana tara ruwa.

Sai matsalar da ta fi shafar ɗan kasuwa. Lamunin na sayayya da kati ne, ban da cire tsabar kuɗi. In ka zari kuɗi a ATM da katin bashi, akwai caji nan take, kuma ruwa kan fara hawa daga ranar. To dilan da kake sari a wajensa a Daleko ko Mile 12, yana karɓar kati kuwa, ko sai tiransifa da tsaba? In ba ya karɓa, katin ba shi da aikin da zai yi maka. Ka tambayi kuɗin riƙe kati na shekara, ka kuma tabbata katin na naira ne, ba na dala ba. Waɗanda ke da bashin dala lokacin da aka saki farashin naira a Yunin 2023 sun ji jiki, domin bashinsu ya kumbura suna zaune.

Batun bashin manhaja, ban ba ka shawarar ka ciro kuɗi daga kati ka biya shi ba, an gudu ne ba a tsira ba. Ka lissafa nawa manhajar ke ci a wata, ka nemi su raba maka biyan, ko ka karɓi kwasar adashi da wuri ka kashe shi gaba ɗaya. Ka kuma sani cewa bashin banki ba ya ɓata: tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin BVN ɗinka ya kwashi haƙƙinsa daga asusunka na wasu bankunan, ga kamfanonin adana tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral da za su riƙe sunanka.

Ba ka tambayi ɓangaren addini ba, amma na san zai zo maka a rai. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Akwai malaman da suka sassauta ga mai larura, musamman mazauna Turai. Wannan ka kai wa malaminka tare da takardar yarjejeniyar, ya karanta da idonsa.

Ni a ganina ba kati kake buƙata ba, jarin sari kake nema. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suna nan Legas: Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da kuka daidaita tun farko, ka biya kashi-kashi. Ba araha ba ne lallai, wani lokacin jimillar ta yi kusa da ta sauran bankuna, amma ka san adadin tun ranar sa hannu. Za su nemi bayanin shige da ficen asusunka na watanni, wataƙila da rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da mai tsaya maka, don haka ka fara zuba cinikin shago a asusu ɗaya tun yanzu. Kafin nan ma, ka zauna da dilanka ka nemi ya riƙa ba ka kaya na mako biyu ko uku, ka ji nawa zai ɗora a kan buhu, sai ka gwada da abin da banki ya rubuta maka.